Alkawarin da Aka Ambaci Mutuwa a Cikinsa

Da zarar an kawar da amfanin gona, hunturu ya sauko, da wuya Asabar ta wuce a Lamorde da sauran unguwannin Mubi ba a ji guɗa daga wata majami'a ba. Matan zumunta sun sha anko, mawaƙa sun ɗame ganguna, dangin ango sun iso tun daren jiya daga Michika ko Hong ko Maiha, an yanka abin yankawa, tukwane suna kan wuta. Idan aka zo inda fasto zai ce ango ya kama hannun amarya ya riƙa bin abin da yake faɗa, rabin jama'a sun miƙe da wayoyi suna neman inda hoto zai fi fita. A jero wadata da rashi, a jero lafiya da ciwo, sai a iso kan mutuwa. A ambace ta a gurguje, a sa zobe, majami'a ta kaure da tafi.

Wannan wurin da muke wucewa da sauri, a kansa nake so mu dakata, 'yan'uwa. Hayar shago a kasuwar Mubi wa'adinta shekara ne, kujerar ɗan majalisa shekara huɗu, bashin taki zuwa kaka. Alkawarin aure kuwa, masu ɗaukarsa da bakinsu suke faɗin wa'adinsa a gaban Allah da iyaye da dattawan ikilisiya: ranar da ɗayansu zai tsaya a bakin kabarin ɗan'uwansa. Duk ango da amaryar da muka taɓa yi wa rakiya, ɗaya zai binne ɗaya, sai fa idan rana guda ce ta ɗauke su tare. Wannan ba mugun fata ba ne. Yana cikin abin da suka furta, mu kuma muka amsa da amin.

Tsarin alkawarin da yawancin ikilisiyoyinmu suke bi ya samo asali ne daga littafin addu'a da Thomas Cranmer ya shirya wa ikilisiyar Ingila a 1549, shi ma daga tsofaffin tsare-tsaren ƙasarsu ya tattaro shi. Mutanen wancan zamanin annoba tana share musu gari, mata suna tafiya a kan gwiwa, don haka da suka sa mutuwa a tsakiyar biki sun san abin da suke faɗa. Mu da muka gaji kalmomin, in da za a ce akwai garin da ba ya bukatar a tuna masa, ai Mubi ce.

Ranar 6 ga Janairun 2012, wasu 'yan kabilar Ibo sun taru a garin nan suna shawarar yadda za a kai gawar ɗan'uwansu gida, 'yan bindiga suka buɗe musu wuta, fiye da mutum 10 suka kwanta a wurin. A farkon Oktoban wannan shekarar aka bi ɗalibai cikin dare a Wuro Patuji, ana kiran suna ana kashewa, aƙalla mutum 25. Ranar 1 ga Yunin 2014 bam ya tashi a filin ƙwallo na Kabang. Sai kuma ranar 29 ga Oktoban 2014, ranar da Boko Haram suka shigo Mubi, suka sake wa garin suna, suka mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) da ke Kwarhi har shugabanninta suka koma Jos da aiki. Wasu suka nufi hanyar Hong da Gombi zuwa Yola, wasu suka hau duwatsun Mandara suka faɗa Kamaru a ƙafa. Miji yana kasuwa, mata tana gida, yara suna makaranta, kowa ya bi inda ƙafarsa ta kai shi. A tsakiyar Nuwamba aka ƙwato garin, amma ba duk wanda ya fita ne ya dawo ba. Kuma wutar ba ta tambayi addinin kowa ba: ranar 21 ga Nuwamban 2017 ɗan ƙunar baƙin wake ya shiga masallaci lokacin sallar asuba, aƙalla mutum 50 suka rasu, ranar 1 ga Mayun 2018 aka sake yi. Maƙwabtanmu Musulmi sun yi takaba, mu mun yi zaman makoki, hawayen iri ɗaya ne.

Da yawa cikin waɗannan mutanen da safe suka bar gidajensu. Wani ya fita da fushi bai amsa gaisuwar matarsa ba, yana cewa a ransa sai ya dawo. Wata ta riƙe magana a ciki tana jiran dare.

Kada a ce sai yaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 82,000 suka mutu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da ɗaya bisa huɗu na duk irin wannan mutuwar a duniya. Da yawansu amaren bara ne, kayan ɗakinsu ko dusashewa ba su yi ba. Lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya yana sa tsawon ran ɗan Nijeriya wajen shekara 54, kodayake mutuwar ƙananan yara ce take jan lissafin ƙasa. Zabura ta 90 ta yanke mana saba'in, tamanin ga mai ƙarfi, mu ga shi ko nan ɗin yawancinmu ba ma kaiwa. Ga hawan jini, ga ciwon suga, ga hatsarin mota tsakanin Mararraba da Song. Mutuwa rigar kowa ce, kuma ba ta duba cewa an yi biki watan jiya.

To me ya sa Kirista yake ɗaure kansa da alkawarin da ya san ƙarshensa kuka ne? Domin ba daga kansa ya ƙago shi ba. Daga Allah ya koya.

A sura ta 15 ta littafin Farawa, Ibrahim ya tsufa, ba shi da ɗa, ya tambayi Allah yadda zai tabbata cewa zai gaji ƙasar da aka ce za a ba shi. Allah ya ce ya kawo karsana da akuya da rago, kowanne bana uku, da kurciya da ɗan tantabara. Ibrahim ya tsaga dabbobin biyu biyu, ya jera kowane rabi daura da ɗan'uwansa. Haka mutanen wancan zamani suke ƙulla alkawari mai nauyi: masu alkawarin su bi ta tsakanin naman, wato suna cewa wanda ya karya, abin da ya sami dabbobin nan ya same shi. Annabi Irmiya ya tuna wa shugabannin Yahuza wannan a sura ta 34, lokacin da suka yi alkawarin 'yanta bayinsu suka koma suka kama su. Amma a daren Ibrahim, barci mai nauyi ne ya kwashe shi. Tukunya mai hayaƙi da harshen wuta ne suka ratsa tsakanin naman. Allah shi kaɗai ya bi hanyar jinin. Ya ɗora wa kansa nauyin ɓangarorin biyu, mutumin da aka yi alkawarin dominsa yana kwance. Mu Kirista mun gaskata cewa a kan gicciye aka biya wannan nauyin, shi ya sa a Jibin Ubangiji muke ɗaga ƙoƙo muna kiransa sabon alkawari.

A nan alkawari ya rabu da ciniki. A tike, in ba a cika kuɗi ba, ba a sakin igiyar sa. Ciniki kenan, kuma ba laifi ba ne. Yawancin gidajenmu kuwa a kan wannan tsarin muke tafiyar da su ba mu sani ba: in kin yi mini ladabi zan ba ki kuɗin cefane da fara'a, in ka tuna da iyayena zan tuna da naka. Allah bai jira Isra'ila ta gyaru ba kafin ya riƙe maganarsa. Ya umarci annabi Yusha'u ya je ya fanso matarsa Gomer bayan ta bar shi, don mutane su ga da idonsu yadda yake riƙe da masu juya masa baya. Da manzo Bulus ya zo yi wa Afisawa maganar aure, ma'aunin da ya ba miji shi ne Almasihu wanda ya ba da ransa domin ikilisiya. Annabi Malakai kuma ya faɗa wa mazan zamaninsa dalilin da ya sa suke kuka a bagade ba a karɓar baikonsu: Allah ne shaidar aurensu da matan ƙuruciyarsu, su kuwa sun ci amanarsu. Duk wanda ya sa hannu a takardar aure a majami'a, akwai Shaida guda da sunansa ba ya kan takardar, kuma shi ba ya ƙaura, ba ya mantuwa.

Sai dai akwai bambanci guda tsakanin alkawarin Allah da namu, kuma shi ne dalilin wannan tunatarwa. Nasa ba shi da wa'adi. Namu yana da shi. Da Sadukiyawa suka zo wa Yesu da labarin matar da ta auri 'yan'uwa bakwai ɗaya bayan ɗaya, suna tambaya ta wa za ta zama a ranar tashin matattu, ya nuna musu cewa a can ba a aure, ba a aurarwa. Muna sa zuciya za mu ga juna a gaban Ubangiji, amma zaman miji da mata a nan yake farawa, a nan yake ƙarewa. Abin da ka yi alkawarin yi wa matarka ba ka yi ba, babu wani gida na gaba da za ka rama shi a matsayin mijinta. Haƙurin da kika hana mijinki, babu ranar ranko. Kwanakin da aka ba ku ƙidayayyu ne, kuma ba a nuna muku adadinsu ba.

Ibrahim ɗin nan da aka yi wa alkawarin ƙasa sukutum, filin da ya fara mallaka a cikinta da kuɗinsa shi ne kabarin matarsa. Saratu ta rasu tana da shekara 127 a Hebron, ya yi makokinta, ya tashi ya auna wa Efron Bahitte shekel 400 na azurfa, ya sayi kogon Makfela ya binne ta. Jikansa Yakubu ya yi bautar shekara 14 saboda Rahila, ta mutu a hanya wurin haihuwar Biliyaminu.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ranar 17 ga Maris 1923, Harold Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida, daga nan ikilisiyar EYN ta tsiro. Matar Kulp, Ruth Royer, ta biyo shi ƙasar nan. A 1924 ta rasu a Garkida wurin haihuwa, jaririn ma bai zauna ba. Aurensu kimanin shekara 3 ne kacal. A 1926 ya auri Christina Masterton, ita ma ta riga shi a 1952. Shi ma ya cika a 1964. Makarantar horar da fastoci da ke Kwarhi sunansa take ɗauke da shi. Ɗaliban da suke fita daga can su je su ɗaura wa mutane aure, ya kamata su riƙa tunawa cewa mai sunan nan sau biyu ya tsaya gaban bagade, sau biyu ya ga wa'adin ya cika.

Ikilisiyar da ta aiko shi ta fara ne a 1708 a ƙauyen Schwarzenau na Jamus, inda mutum 8 suka yi baftisma a kogin Eder, har da Alexander Mack. Tun daga tushe ba su yarda da rantsuwa ba, suna cewa i ɗin mai bi ya isa ba sai ya dafa komai ba. A tsohon tsarinsu, mai shiga ruwan baftisma ana tambayarsa ko ya yi alkawari da Allah zai riƙe aminci har mutuwa. Alkawura biyu kenan a rayuwar mai bi da aka rataya wa mutuwa: na bakin ruwa da na gaban bagade. Ni a ganina wanda ya yi wasa da na biyu, da wuya a ce na farkon yana nan lafiya. Ba za ka zama dattijon kirki ranar Lahadi ba, alhali daga Litinin zuwa Asabar matarka tana jin ƙarar babur ɗinka gabanta yana faɗuwa.

A farkon Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi, fasto na EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika. A faifan bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar, ya nuna fatansa na sake haɗuwa da matarsa da 'ya'yansa, ya kuma ce in ba a ba shi wannan ba, ya bar wa Allah. Ranar 20 ga watan aka kashe shi. Mutum yana kallon mutuwa ido da ido, abu biyu suka zo bakinsa: Allahnsa da iyalinsa. Mu da muke kwana a gidajenmu lafiya, sau nawa waɗannan biyun suke samun ragowar lokacinmu kawai, bayan kasuwa da siyasa da waya sun ɗebi nasu?

Akwai kuma waɗanda nauyinsu ya fi na gwauraye, su ne waɗanda ba su ga gawa ba. A 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta ce mutum kusan 22,000 aka yi mata rajistar ɓatansu a Nijeriya, mafi yawa a arewa maso gabas. A cikin masu jiran nan akwai matan da suka yi alkawari har mutuwa, ga shi babu mai iya ce musu mutuwar ta zo ko ba ta zo ba. Dokar ƙasa ta ba da hanya: wanda aka shekara 7 ba a ji ɗuriyarsa ba, kotu tana iya ɗaukarsa a matsayin mamaci, dokar shari'o'in aure ta 1970 kuma ta yarda a warware aure a kan haka. Ga waɗanda suka ɓata a faɗuwar Mubi, shekarun nan sun cika tun 2021. Amma kotu takarda take bayarwa, zuciya kuwa ba ta bin kalanda. 'Yar'uwar da ta zaɓi ta ci gaba da jira, a girmama ta, a taya ta riƙon yara, kada a matsa mata. Wadda ta bi ta hannun dattawa da kotu ta sake aure, kada a riƙa binta da ido a majami'a. Bulus ya faɗa wa Romawa da Korantiyawa sarai cewa mutuwa tana kwance ɗaurin, har ya shawarci gwauraye masu ƙuruciya su yi aure. Kada mu ɗora wa mutane kayan da Ubangiji bai ɗora musu ba.

Wajibi ne kuma in faɗi wani abu, don na san yadda ake juya irin wannan magana. Alkawari har mutuwa ba izini ba ne na kawo mutuwar. Osinachi Nwachukwu, mawaƙiyar bishara da duk ƙasar nan ta san muryarta, ta rasu a Abuja ranar 8 ga Afrilun 2022, a Afrilun 2025 kuma babbar kotu ta sami mijinta da laifin kisanta. Mace ta zo da kumburarriyar fuska wurin Baba Fasto ko Mama, a ce mata ta koma ta yi haƙuri, aure ibada ne, ba a kira mijin ba, ba a tsawata masa ba, wannan ba tsaron alkawari ba ne. Mai dukan ne ya fara karya shi. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, kowa ya sani, amma saɓani dabam, zalunci dabam. A raba su wuri, a kare ranta, a hore shi, sannan a yi maganar gyara.

Ga sauranmu da babu duka a gidajenmu sai sakaci, abin da ya rage shi ne mu daina jinkirtawa. Ɗan'uwana, ka ce sai ka gama ginin nan za ka kai ta asibiti a duba ciwon da take ta ƙorafi a kansa. Ka ce sai yara sun gama makaranta za ku zauna ku yi hira kamar dā. 'Yar'uwata, kin riƙe maganar da uwarsa ta faɗa miki shekara goma, kullum ita ce kike tayarwa. Addu'ar safe da kuka fara tare a watan farko ta koma sai ranar da wani ba shi da lafiya. Mun kashe abin da ya fi ƙarfinmu a kan yini guda, lefe da anko da haya da ɗinki, wasu har shekara biyu suna biyan bashin biki, sa'an nan muka bar dubban ranakun da alkawarin yake nufi ba shiri. Wasiƙar Yakubu ta gargaɗi masu tsara cinikin baɗi alhali ba su san abin da gobe za ta kawo ba. In akwai gafarar da za a nema, a nema kafin a kwanta. In akwai godiyar da za a yi, a yi ta mai ita yana ji, kada a adana ta sai ranar jana'iza a zo ana karantawa a takarda.

Wanda kuma ya yarda cewa ɗayansu zai riga ɗaya, zai yi wa mai saura tanadi, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Maza da yawa a cikinmu matansu ba su san inda takardar fili take ba, ba su san wa ake bi ba, wa yake bin su. Sunan magajin da aka rubuta a banki da wurin aiki tun ana saurayi, na ƙane ne ko na wa, har yau ba a canja ba. Ana jin tsoron rubuta wasiyya kamar ita ce za ta kira mutuwa. Sai ta faru, tun ba a share makoki ba dangin miji sun kulle ɗaki, sun ɗauke babur, sun raba gona, a ce wa matar ta koma gidan ubanta da yara. A 2014 Kotun Ƙoli, a shari'ar Anekwe da Nweke, ta yi watsi da al'adar da take hana gwauruwa gidan mijinta don ba ta haifi namiji ba. Amma gwauruwar ƙauyen Gella ko Muchalla ba ta da kuɗin lauya, ba ta ma san an yi wannan hukuncin ba. Abin da take da shi shi ne mutanen da suka cika majami'a ranar aurenta.

Saboda haka nake roƙon fastocinmu da dattawa: a cikin koyarwar da ake yi wa masu shirin aure, a sa maganar rajistar aure da wasiyya da sunan magaji, a faɗe ta a fili ba kunya. Zumuntar mata ta san kowace gwauruwa da sunanta da unguwarta, a tambaye su wace ce aka kora, wace ce yaranta suka bar makaranta. Ranar da dangi za su zauna rabon kayan mamaci, dattawa biyu ko uku daga cikin waɗanda suka shaida auren su je su zauna kusa da matar, da takardar auren a hannunsu, kada su tashi sai an gama.